TARIHINMU: Bindigar toka a ƙasar Tasawa da Mayahi, daga albarushin Tanimun zuwa harsashin Maijirgi

Yau batun bindiga muka ɗauko, wato bindigar toka, wadda wasu ke ce ma adaka, wasu kuma halbi-ka-ruga, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki da hannu.

Dalilin ɗauko batun shi ne kalmar nan "ƴan bindiga". Yau in aka ce ƴan bindiga sun shigo gari, mata goyo za su saɓa su nufi daji. A da kuwa ƴan bindiga mutanen fada ne masu tafiya gaban dokin sarki ranar hawan salla, in suka saki wuta hayaƙi ya turnuƙe, mata su yi guɗa, yara su bi su a guje. Kalma ɗaya ce, amma ta juya baya. In muna son gane yadda aka yi ta juya, sai mun koma ga yadda ake ɗura bindiga, da wanda ke riƙe da albarushin.

Mu fara da sunayen, don su ma suna da labari. Bindiga daga Larabci ta zo, bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud. Harsashi kuma daga rasas, wato dalma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana ta inda abin ya fara shigo mana: ta arewa da gabas, tare da ayarin raƙuma na Tarabulus da Ghat da Agadas, da kuma ta Barno. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da rundunar masu bindiga waɗanda Turkawa suka horar. A Kano, littafin tarihin sarakunan birnin ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaron sarki. Wata hanyar kuma ta kudu ce, daga bakin teku, inda Turawa ke sayar da dogayen bindigogi masu ƙanƙara, su biyo ta Nufe da ƙasar Yarbawa har su iso kasuwannin Hausa.

To yaya ake ɗura ta? Matasanmu da yawa ƙararta kawai suka sani. Mai bindiga zai tsayar da ita bakinta na kallon sama, ya zuba albarushi daga ƙaho ko ɗan gora, ya cusa tsumma ko ɓawon itace mai laushi, ya ɗauko doguwar sandar da ke maƙale a ƙarƙashin bututun ya daka. Daga wannan dakan ne ake jin sunan adaka. Sannan ya zuba abin halbi, ko dalma ko guntayen ƙarfe daga maƙera, ya sake toshewa ya sake dakawa. Bayan haka ya ɗan barbaɗa albarushi a wani ɗan kasko da ke gefe, inda ƙanƙara za ta bugi ƙarfe ta ba da tartsatsi, kamar dai yadda kakanninmu ke kunna wuta da ƙyastu. In ya ja kunama, ko ta tashi ko ta ƙi. In damina ce albarushi ya sha sanyi, sai ta ƙi. In ƙanƙara ta dakushe, sai ta ƙi. In kuma hannu ya yi nauyi wajen zubi, ta fashe a fuskar mai ita. In ta tashi lafiya, to shi ke nan sai a sake sabon ɗuri daga farko, a tsaye, abokin gaba na kallonka. Wanda ya laƙaba mata halbi-ka-ruga ya san abin da yake faɗi.

Saboda wannan jinkiri, a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 doki da mashi da baka su ne ke kan gaba. Mu tuna halin da ƙasarmu ke ciki a lokacin. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Katsina na Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tasawa tana tsakiya: Maraɗi a yamma, Damagaram a gabas, Katsina ta Fulani a kudu, Buzaye a arewa. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851, ya tarar da babban gari mai kasuwa da marina, amma hanyar da ya bi daga nan ta Gazawa zuwa Katsina daji ne na tsoro saboda hari. A irin wannan hari, mai baka da kibiya mai dafin kwankwani zai saki kibau da yawa kafin mai bindiga ya gama ɗuri ɗaya. Babban amfanin bindiga shi ne ƙara da hayaƙi, don dokin da bai saba ba yakan firgita ya ka da mahayinsa, sai kuma tsaron ganuwa, inda mai halbi ke da wurin fakewa ya sake ɗuri.

Ga wani abu da ya kamata mu lura da shi. Bindiga a wancan zamani ba kayan kowa ba ce. Tsada gare ta, kuma ba ta aiki sai da albarushi, shi kuwa albarushi yana hannun fada. Galibi bayin sarki ake ba ta, a raba masu albarushi in za a fita, a karɓe in an dawo. In ta lalace sai a kai wa maƙeri, maƙera kuma suna da sarkinsu wanda ya san abin da ke shiga kowace maƙera. Ke nan kafin bindiga ta yi ƙara sau ɗaya, ta ratsa hannun mutane da yawa waɗanda suka san juna.

Wanda ya fi kowa gane wannan lissafi a yankinmu shi ne Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884. Ya ga cewa wanda ke jiran ayari ya kawo mashi albarushi, ranar da ayari ya makara ya zama mai sanda. Sai ya sa aka riƙa yin albarushi a cikin birnin Damagaram. Abubuwa uku ake haɗawa tun asali a ko'ina cikin duniya: gawayi, farar wuta, da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Gawayi da gishirin ana samu a gida, farar wuta kuwa fatake ke kawowa. Bai tsaya nan ba, ya sa maƙera suka zuba igwa, aka yi masu karusa. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya tara bindigogi kimanin 6,000 da igwa kimanin 40. Da wannan ƙarfi Damagaram ta ɗaga kai a gaban Barno da ta daɗe tana kai wa gaisuwa, kuma Amadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, ya kai yaƙi har ƙasar Kano. Mu da ke zaune sama kaɗan da kilomita 100 daga wannan birni, kakanninmu sun san ƙarar igwar Damagaram, wani lokaci a matsayin maƙwabta, wani lokaci a matsayin waɗanda aka nufo.

Amma a daidai shekarun da Tanimun ke daka albarushi, a Turai da Amurka an riga an sauya wasan. Sun haɗa albarushi da dalma da abin kunnawa duka cikin kwanso ɗaya na farin ƙarfe ko tagulla, abin da muke kira harsashi yau. Ba zubi, ba daka, ba ruwan damina. A buɗe bindiga ta baya, a saka, a rufe, a halba, kuma mutum na iya yin haka yana kwance. A Amurka kamfanin Colt ya fito da libarba mai ɗaukar harsashi 6 a 1873, wadda dattawanmu suka sani a finafinan kaboyi, wadda sai an ja kanta baya da babban yatsa kafin kowane halbi. Mutanen karkarar Amurka na lokacin, da yake kanti na nesa kuma harsashi na da tsada, sukan tsince kwanson da suka halba, su narka dalma, su sake cika shi da hannu. Har gobe akwai masu sha'awar tsofaffin bindigogi a can da ke wannan aiki. Faransa kuma ta ba sojojinta bindigar Gras a 1874, sannan Lebel a 1886, wadda ke ɗaukar harsashi 8 kuma albarushinta ba ya hayaƙi, ba ka ma ganin inda mai halbi yake.

Turawa sun san bambancin da ke tsakanin makaman biyu, shi ya sa suka yi mashi doka. A taron Burusel na ƙasar Beljiyam a 1890, suka amince a hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani da harsashinsu, amma a bar masu bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wato mu riƙe mai jinkiri, su riƙe mai sauri.

Duk da haka an samu waɗanda suka nemi hanyar ɓullewa. A can yamma, a ƙasashen Gini da Mali da Kwaddibuwa na yau, maƙeran Samori Ture sun koyi gyaran bindigar Gras har da ƙera irinta, kuma mayaƙansa kan tsince kwanson harsashi bayan an gama faɗa, a kai maƙera a sake cikawa. A gabas, Rabe da ya ci Barno a 1893 ya zauna Dikwa, shi ma yana da masu yi mashi albarushi da gyaran makamai. Abin da kaboyi ke yi don sauƙin aljihu, su sun yi shi don kare ƙasa da mulki. Sai dai hannu ba ya tsere wa inji. Faransawa sun kama Samori a watan Satumban 1898.

Shekara ba ta cika ba abin ya iso ƙofar gidanmu. A farkon 1899 rundunar Kapitan Voulet da Kapitan Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, da ɗaruruwan sojoji baƙar fata, galibinsu daga ƙasar Mali ta yau, ɗauke da bindigogi masu harsashi da igwa guda. A watan Afrilu suka gwabza da Sarauniya a Lugu. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ake ba da labarinsa. Suka biyo ta ƙasar Gobir suna ƙona garuruwa suna cika rijiyoyi da gawa, har suka shigo yankinmu a farkon damina. Abin da suka aikata a Koran Kalgo ba ya faɗuwa a gaban yara. Garuruwan da suka tsaya sun tsaya ne da baka da mashi da ƴan bindigogin toka, ga damina ta sauka, ga abokin gaba na halbi ba tsayawa daga nesan da kibiya ba ta kaiwa. Ba jarumta kakanninmu suka rasa ba. Lokacin sake ɗuri suka rasa.

Labarin ɓarnar ya kai Faransa, aka turo Kolonel Klobb ya bi sawunsu ya karɓi ragamar rundunar. Ya cim masu a Ɗankori, nan kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yulin 1899. Voulet ya ba da umarni a buɗe mashi wuta, Klobb ya hana nasa mutanen ramawa, aka kashe shi nan take. Kwana biyu bayan haka, ranar 16 ga wata, sojojin suka juya wa shugabanninsu baya suka halbe Chanoine a Maijirgi, washegari 17 ga wata suka halbe Voulet. Kaburburansu na nan Maijirgi, gabas da Tasawa a kan babbar hanyar Damagaram. Mu duba da kyau: harsashin da suka kawo shi ya ci su, a hannun mutanen da su da kansu suka ba bindiga. Makamin da ba ya ba da lokacin tunani bai san ubangidansa ba.

Mutuwarsu ba ta tsayar da rundunar ba. Sauran hafsoshin suka ci gaba, a ƙarshen watan Yuli suka haɗu da mayaƙan Kuran Daga a Tirmini, yamma da Damagaram. Bindigogin toka da igwar da aka gada daga Tanimun ba su iya tare su ba, birnin ya faɗi ranar 30 ga Yuli. Wani ɓangare na wannan runduna, ƙarƙashin Joalland da Meynier, shi ya isa Kusuri inda aka kashe Rabe ranar 22 ga Afrilun 1900. Cikin shekara biyu, daga kama Samori zuwa mutuwar Rabe, zamanin albarushin hannu a fagen yaƙi ya ƙare.

Daga nan bindigar toka ta koma wurare biyu: fada da daji. A zamanin mulkin mallaka Tasawa ce mazaunin kwamandan yanki kafin a mai da shi Maraɗi a 1927, kuma riƙe bindiga sai da takarda da haraji. Sarakuna suka ci gaba da ajiye ƴan bindigarsu don hawan salla, naɗin sarauta, tarbar manyan baƙi da sanar da ganin wata. Kafin rediyo ta wadatu, ƙarar bindiga daga fada ita ce ke gaya wa ƙauyuka cewa gobe azumi ko gobe salla.

A daji kuwa ta zama abokiyar mahalba. Mutanen Mayahi, Kananbakashe, Isawan, Urafan da garuruwan da ke bin Gulbin Kaba sun san gidajen da halbi gado ne a cikinsu, da sarkin mahalbansu da al'adunsu. Mahalbi mai halbi ɗaya dole ya iya saɗaɗe. Shi ya sa ake ɗaura kan burtu a goshi, a duƙa ana tafiya irin ta tsuntsun har a matso kusa da barewa ko gada. Dole ya san iska, ya san sawu, ya san wadda ke da ciki ya ƙyale ta. Yakan auna ɗurinsa da yatsu a jikin sandar dakan, gwargwadon abin da ya fito nema, don albarushi kuɗi ne, kuma ya san iyakar abin da bututunsa ke ɗauka. Yaro ba ya taɓa bindigar ubansa sai ya yi shekaru yana ɗaukar mashi burgami. Wannan jinkirin shi ne makarantar. Yau dajin ya koma gonaki, farin 1973 da na 1984 da muke kira El Buhari sun ƙarasa abin da ya saura na namun daji, kuma tun 1998 akwai dokar ƙasa mai lamba 98-07 da ta tsara farauta da kare dabbobin daji. Mahalba da yawa sun rataye bindiga sun koma ba da maganin gargajiya.

Yanzu mu dawo kan kalmarmu. Bindigar da ke hannun ɓarayin daji a yau tana ɗaukar harsashi 30, yaro ɗan shekara goma sha biyar na iya koyonta cikin yini ɗaya. Ba ta buƙatar maƙerin gari, ba ta buƙatar iznin fada, ba ta buƙatar uba ya koya wa ɗa. Tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 irinta ta yawaita a Sahel, kuma ƴan uwanmu na Madarunfa da Gidan Runji, da dubban ƴan gudun hijirar da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, sun fi mu sanin abin da take yi. Duk hannuwan nan da bindigar toka ke ratsawa kafin ta yi ƙara, wannan ta tsallake su. Nan ne "ƴan bindiga" suka tashi daga mutanen sarki da aka sani da suna da gida, suka koma mutanen da ba a san fuskarsu ba.

Ita ma bindigar toka, in aka raba ta da tarbiyyar da ta zo da ita, haɗari ce. Kusan kowace shekara a ƙasar Hausa akan ji labarin wanda bindiga ta fashe wa a hannu wajen biki ko hawan salla, saboda an cika ta fiye da kima don a burge jama'a da ƙara, ko an ƙera ta da bututun da bai dace ba, ko an manta da ɗuri a ciki yaro ya ɗauka. Yatsun da suka tafi ba sa dawowa. Muna kira ga matasa masu ganin tsoron ɓarayi ya isa hujjar ajiye bindiga a ɓoye: doka ta hana riƙe makami ba da izni ba, kuma tun 1994 ƙasarmu na da hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ke da damuwar tsaro ya bi ta wajen mai gari da sarki da jami'an tsaro. Wanda ya gaji tsohuwar bindiga a ɗaka, ya tabbatar babu ɗuri a cikinta, ya nisanta ta da yara, ya sanar da hukuma.

Sannan akwai aikin da ke kanmu mu masu waya a hannu. Tsofaffin maƙera da mahalba da ƴan bindigar fada suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowane da abin da ke kansa. Mu je mu zauna da su, mu ɗauki muryarsu: wa ya koya masu, wane kirari ake yi wa gidansu, wace dabba ce ba a halbi a zuriyarsu, me kakanninsu suka faɗa masu game da shekarar da Nasara suka biyo ta Koran Kalgo da Ɗankori. Malaman lakwal kuma su kai ɗalibai Maijirgi su ga wurin da idonsu, gani ya kori ji. Tarihin da ake karantawa a littattafan Faransa, a gonakinmu ya faru.

Wanda ke da labarin da ya ji daga bakin kakansa, ko hoton tsohuwar bindigar gidansu, ya turo mana mu sa a kashi na gaba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a 1899 da waɗanda ke rasawa a yau, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Tasawa da Mayahi da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.